Bakin da Aka Ɗinka Baibai

Inna Barakatu ba ta yarda da matar ɗanta ba, ko kaɗan. Ba wai Fadila ta taɓa yi mata rashin kunya ba ne, ina! Ladabin ne ma ya yi mata yawa. Yarinya kullum murya ƙasa-ƙasa, kullum "sannu Inna", ai dole tsohuwa ta ce da wata a ƙasa.

Duk unguwarsu a Daura an san Inna da ɗinkin ƙyallaye. Ragowar atamfar da teloli ke zubarwa take tarawa, ta yanka gida-gida, ta haɗa ja da kore da ruwan ƙwai har su zama mayafin tebur. Daga nan sai ta kewaye shi da baki na dogon yadi ta gefe huɗu. Bakin nan shi ne abin taƙamarta. Takan ce haɗa gidaje kowace yarinya ta iya, amma a sa baki ya kwanta lif, kusurwa ta kama kusurwa babu tattarewa, wannan sai wadda ta tsufa a kan keke.

Abu ɗaya ne ba ta faɗa wa kowa ba, wato idonta. Tun bara wata farar yana ta fara rufe shi, yanzu komai dishi-dishi take gani. Ta koyi zura zare a allura da lalube, tana juya wa mutane baya kamar mai neman haske. Da ɗanta Sabiru ya taɓa yi mata zancen asibitin ido, balbale shi ta yi da faɗa har ya bar ɗakin. Ta san ranar da aka ce Barakatu ba ta gani, ranar za a fitar da keken nan daga ɗakinta a bar ta da tabarma da carbi. Tsoron ranar nan take yi fiye da komai.

To, sai ta fara lura ana taɓa mata aiki. In ta fita barka ko gaisuwa ta dawo, sai ta shafa bakin da ta ɗinka ta ji shi a kwance sumul kamar an goge, alhali ita ba ta guga sai ta gama. Ta taka guntayen zare a ƙarƙashin keke. Ta ciro kwarkwaro ta ji zarensa ya ragu. Aljanu dai ba sa taka keke, kuma gidan daga ita sai Fadila da rana.

Ga kuma Madam Ego, 'yar ƙabilar Ibo mai shagon kayan masarufi a bakin tasha, wadda ta daɗe tana karɓar mayafan tana kai wa matan cocinsu. Da can kai tsaye take shigowa ɗakin Inna da Hausarta mai gargada. Yanzu fa sai ta tsaya a zaure, ita da Fadila suna ƙus-ƙus, in Inna ta yi gyaran murya su yi tsit. Inna ta haɗa wannan da wancan ta gane. Munafukar yarinya ɓata mata ɗinki take yi a ɓoye, don Madam ta gaji ta koma wurinta.

Da Madam ta kawo sabon yadin baki, shuɗi mai ƙananan furanni wanda ta sayo a kasuwar Kongolam, sai Inna ta ɗana tarko. Yadin mai fuska ɗaya ne, gaba mai launi, baya fari-fari. Ta murza shi tsakanin yatsu, ta ce gefen da ya fi santsi shi ne fuska. Ta auna, ta yanka, ta ɗinka baki uku yadda ya kamata. Na huɗun kuwa da gangan ta juya shi baibai.

Lissafinta mai sauƙi ne. In gyara yarinyar take yi, ɓataccen za ta kama. In kuwa ɓarna ce, za ta bar shi ta far wa masu kyau.

Da hantsi ta yafa mayafi ta leƙa madafa. "Ke Fadila, na tafi suna Zango. Sai la'asar."

"To Inna, Allah ya kiyaye hanya. A gaida mai jego."

Ko tasha ba ta kai ba. Gidan maƙwabta ta shiga, ta sha furar da ba ta so, ta saurari labarin ciwon ƙafar da bai dame ta ba, sannan ta lallaɓo ta dawo da takalmi a hannu. Ta ɗaga labulen ɗakinta.

Ga Fadila zaune a kan kujerar keke, mayafin a cinyarta, reza a hannu. Inna ta fizge mayafin ta bi gefunan da yatsu. Baki biyu an farke su tas, na uku an kai rabi. Na huɗun, wanda ta ɓata da hannunta, yana nan ko zare ɗaya ba a taɓa ba.

"La'ilaha illallahu! Yau na ga abin da ya ishe ni!" Ta kaɗa mayafin a fuskar Fadila. "Masu kyan kika farke, kika bar mini ɓataccen don Madam ta gani ko? Wa ya ce ki sa mini baki a sana'a? Me na tsare miki a gidan nan? Keken kike so? Ki bari in mutu mana!"

Fadila ta zame daga kujera ta durƙusa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma rantse ba, abin da ya ƙara tunzura Inna ke nan.

"Yi magana! Ko bakin naki ma an ɗinke shi ne?"

"Inna," in ji Fadila a hankali, "wanda na bari shi kaɗai ne daidai."

"Me kika ce?"

"Yadin nan bayansa ne mai santsi. Ukun nan duk baibai suke."

Inna ta yi tsaki, ta ja mayafin zuwa tsakar gida inda rana ta fi ƙarfi. Ta ɗaga shi har yana taɓa hancinta, ta runtse idon hagu, ta ƙura na dama. Da ƙyar furannin suka fito. A bakin da ta ɓata da gangan, shuɗi ne shar. A rabin da ya rage na wanda ta ɗinka da dukan gwanintarta, fari-fari ne kamar tsohon zanen da ya sha wanki.

Ta zauna a kan turmi. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun tana amarya.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan ƙaramar salla. Madam ce ta dawo da guda ɗaya ta ba ni a zaure. Ta ce in gyara, kada Mama ta ji, ranta zai ɓaci."

"Mijinki fa?"

"Shi ya sayo mini rezar."

Ashe har da shi. Ashe duk juya bayan nan da take yi tana laluben kafar allura, suna kallo, suna kau da kai. Ita tana gadin asirinta, su kuma suna gadinta.

Ta ninke mayafin a cinyarta. Can ta miƙe ta koma ɗaki, ta zauna a gaban keke, ta ɗora ƙafa a kan matakinsa. Ta kama bakin zaren kamar kullum, sai hannunta ya tsaya.

"Fadila."

"Na'am, Inna."

"Zo ki zura mini zaren nan. Ki kuma juya mini fuskar yadin, ni ba na gani."