Hawayen Cikin Kwalba

A cocinmu, idan ana neman addu'ar da za ta sa mutane su manta da ciwon gwiwa, ni ake kira. Shekara goma sha huɗu ina shugabantar ƙungiyar addu'a, kuma da kuka aka san ni. Kafin in kira sunan Ubangiji sau biyu hawaye sun jiƙa mini wuyan riga. Matasan ƙungiyar mawaƙa Mama Famfo suke ce mini a bayan ido, a zatonsu ban sani ba. Na sani sarai, kuma ban taɓa jin haushi ba, don a lokacin kukan na gaske ne.

Sai famfon ya ɗauke. Ba wanda ya mutu mini, ban kuma ƙirƙiro wani sabon zunubi ba, tsofaffin nan ne dai da muka saba da juna. Kawai wata safiya na durƙusa a gefen gado, na rufe ido, na tsinci kaina ina tunanin inda na ajiye almakashi. Ni tela ce, kayan 'yan makaranta nake ɗinkawa, tunanin almakashi ba baƙo ba ne a kaina, amma bai taɓa bi na har gaban Allah ba. Washegari ma haka. Na buɗe Zabura, na ji kamar ina karanta takardar da ake sakawa cikin kwalin magani. Ina magana, ba na jin akwai mai saurare. Abin ya ba ni tsoro ƙwarai, don ban san wata rayuwa ba sai wannan.

Na gaya wa maigidana. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Maman yara, ƙila jininki ne ya yi ƙasa. Ki je a gwada." Aka gwada, jinina ya fi nasa lafiya. Na yi azumin kwana uku, abin da na samu ciwon kai ne da faɗa da wata mata a kan tsawon siket ɗin 'yarta. Na sayi wani littafi mai alkawarin sabunta ruhu cikin kwana arba'in, na kai kwana na shida. Yanzu haka shi ke tokare da ƙafar keken ɗinkina, kuma tun da na sa shi keken bai ƙara girgiɗi ba.

A coci kuwa an fara lura. Matar Fasto ta tare ni a bakin ƙofa da murmushin nan nata mai sa mutum ya duba ko rigarsa ta yage, ta ce, "Mama, kwana biyu addu'arki ta bushe. Lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, na wuce raina a ɓace.

Mura ce ta fid da ni. Wata Laraba na shafa man zafi a hanci kafin in fita, irin na ƙaramar kwalbar nan, na goge yatsana da hankici. Ana tsakiyar addu'a na kai hankicin ido saboda sabo. Ranar na yi kukan da ban taɓa yi ba ko a zamanin da nake kuka da gaske. Mata suka kama a bayana, layi bayan layi. Da aka tashi wata ta rungume ni tana cewa Mama ta dawo. Ni kuwa idona na raɗaɗi, zuciyata ko gezau.

Na ce wa kaina sau ɗaya ne. Wata bakwai na yi ina cewa sau ɗaya ne. Har na ƙware: a kusurwar hankici ake shafawa, ɗan kaɗan, a taɓa ƙasan ido ba cikinsa ba, sai a jira kamar aya biyu.

Akwai wani dattijo a cocinmu, Baba Mai Agogo. Tun ina yarinya yake gyaran agogo a wata rumfa kusa da tasha, agogon bangon coci ma shi ya kawo, shi ke kula da shi. Yanar ido ta kama shi har ta kai sai da murya yake gane mutane. 'Yarsa ta yi ta kai da kawo har likita ya sa ranar da za a yi masa aiki, wata Juma'a. Saura kwana tara, a taron addu'ar Laraba, Fasto ya ce Baba ya fito gaba a ɗora masa hannu, ya kuma ce ni zan ɗora.

A wurinmu inda ke ciwo nan ake ɗora hannu, in dai wurin ɗorawa ne. Ni kuwa ranar gaggawa na yi, na lakaci man da yawa, ban wanke hannu ba, kuma na manta shaf. Na dafe idon bawan Allah da yatsuna, na danna sosai yadda jama'a ke so, na fara.

Baba ya yi wani tsalle da ban zaci gwiwoyinsa za su iya ba. "Wuta," ya ce. "Wuta a idona."

Fasto ya ɗaga hannu sama ya ce wutar Ruhu Mai Tsarki ce, kada in saki. A lokacin na gane abin da na yi, amma ban saki ba. In ce me? Hawaye na zuba, nasa da nawa, duk daga kwalba ɗaya. Da na janye hannu Fasto ya juya shi wajen bango ya ce, "Baba, ƙarfe nawa?"

"Shida saura kwata," in ji Baba.

Shida saura kwata ce cif. Coci ya ruɗe, mai ganga ya faɗa wa gangarsa ba wanda ya sa shi. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa mutumin nan shekara hamsin yana zaune cikin agogo, ko daga barci ka tashe shi zai faɗa maka lokaci, kuma Fastonmu bai taɓa kiran marasa lafiya gaba ba sai shida saura minti ashirin. Ni na tuna, amma na ja bakina na yi shiru.

Ranar Lahadi Baba ya tashi ya ba da shaida, aka yi ta tafi. Daga Litinin shagona ya koma asibiti. Masu ciwon baya, masu ciwon haƙori, har da wata da ta kawo hoton ɗanta da ya ƙi yin aure, wai in ɗora masa hannu. Na ɗora, amma da wankakken hannu. Abin kunyar shi ne, wani gefen zuciyata daɗi yake ji.

Laraba da rana, saura kwana biyu aikin, 'yar Baba ta shigo shagon. Ta tsaya tsakanin tarin gajerun wanduna, ta ƙi zama.

"Mama, Baba ya ce ba zai je ba. Wai wanda Allah ya warkar ba ya kai kansa gaban wuƙa."

"To, ba ya gani ne?" na ce, kamar ban sani ba.

"Jiya gishiri ya zuba a shayi, ya shanye tas don kada in yi magana. Likita ya ce in ya wuce Juma'ar nan sai baɗi, kuma idon hagu ba zai jira baɗi ba. Ki taimake ni, Mama. Maganarki kaɗai zai ji."

Da ta fita na ɗinke bakin aljihun wando uku ban sani ba. Sai na samo dabara. Zan je in ce masa Allah yana aiki ta hannun likitoci ma, wanda ya fara warkarwa a coci zai ƙarasa a asibiti. Magana ce mai kyau, gaskiya ce ma, kuma babu kwalba a cikinta. Na rufe shago na tafi ina bitar ta a hanya.

Na same shi a rumfarsa, bayan akwatin gilashin nan mai cike da agogunan da masu su suka manta. Yana lalube a kan tebur, ƙaramar sukuddirebar da yake nema kuwa tana nan gefen yatsansa. Na gaishe shi, na zauna a benci, na zazzage masa jawabina tun daga farko har ƙarshe, da ayoyi biyu na ado. Ya saurara har na gama.

"'Yata," ya ce, "ba sai kin zagaya ba. Ba na gani. Tun washegarin ranar ba na gani, har ma ya fi da muni."

"To Baba, me ya sa..."

"Na san abin da ya faru. Allah ya ba ni ta hannunki, ni na kasa riƙewa. Bangaskiyata ce ba ta kai ba. Kwana bakwai ke nan ina roƙon gafara, na bincika rayuwata tun daga ƙuruciya, ban gano laifin da ya kore shi ba. In kuma na je asibiti, ai na ɗora wani laifin a kan wancan."

Dattijon da bai taɓa riƙe ko batirin wani ba, ga shi yana tuhumar kansa kwana bakwai saboda ni. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma na tsani kaina. Na buɗe jaka, na ciro kwalbar, na cire murfin, na sa masa a tafin hannu.

Ya kai hanci. Ya sake kaiwa. Na gaya masa komai, da bushewar, da murar, da hankicin, da hannun da ban wanke ba.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Wata bakwai, Baba."

Na ga yana lissafi a ransa. "Har da jana'izar matata?"

"Har da ita."

Ya miƙo hannu na ba shi murfin. Ya rufe kwalbar a hankali, ya jefa ta cikin aljihun tebur, ya tura. "Tashi ki tafi," ya ce.

Na kai bakin rumfar ke nan ya sake magana, bai ko juyo ba. "Juma'a ƙarfe bakwai. Ke za ki riƙe mini hannu zuwa can. Lahadi kuma zan tashi in janye shaidata, ke ma kin san abin da za ki tashi ki faɗa."

"Baba, za su cire ni."

"Su cire ki mana. Sarauta ce?"

Da na koma gida na gaya wa maigidana, ina jiran ya yi faɗa. Ya naɗe jaridarsa ya ce, "Ni dai na daɗe ina mamakin murar nan taki da ba ta warkewa, kuma ba a taɓa jin kin yi atishawa ba." Daga nan ya ce ranar Lahadi kusa da ni zai zauna.

Juma'a muka isa asibiti kafin bakwai. Dogon baranda ne da benci a jikin bango, tsofaffi jere kowa da ɗan filasta a goshi saman idon da za a yi wa aiki. Aka sa wa Baba wata riga mai ɗaure ta baya, ɗinkin ko kyau babu. 'Yarsa ta tafi cike takardu. Ni aka bar wa hularsa da takalmansa a cinya. Tun da muka fito bai yi mini magana ba sai "a hankali" da "akwai matakala?"

Da aka kira na gabansa, sai ya juyo wajena.

"Yi mini addu'a," ya ce.

"Baba, ba ni da komai. Na gaya maka, ko jin Allah ba na yi."

"Ni na ce ki ji shi? Cewa na yi ki yi masa magana. Hannunki kuma ki bar shi inda yake."

Na rufe ido. Duk manyan kalmomin da na saba jerawa suka zo bakina, na ji ba zan iya furta ko ɗaya a gaban mutumin nan ba. Na ce, "Ubangiji, ni ce. Ka san abin da na yi. Na daɗe ba na jin ka, ban ma sani ba ko kana ji na. Ga Baba, tsoro yake ji, ni ma haka. Kada laifina ya ci masa ido."

Na buɗe ido. Ya ɗan jira.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"Amin," ya ce.

Nas ta zo ta kama shi suka shiga, ƙofar ta rufe. 'Yarsa ta dawo ta zauna can ƙarshen benci tana latsa waya. Ban da ita ba wanda ya san ni a barandar nan, ba mai jiran ya ga me zan yi. Ban ji wuta ba, ban ji sanyi ba, idona a bushe ƙamas. Amma tun da na riga na fara, sai na ci gaba a hankali, kaina a sunkuye kan takalman dattijon. Na gaya wa Ubangiji ina tsoron Lahadi, ina tsoron fuskar matar Fasto. Na gaya masa matar Baba ce ta koya mini yanka hannun riga, kuma ban yi mata kukan gaske ko sau ɗaya ba. Na gaya masa ina jin haushinsa da ya yi shiru haka ba tare da ya ce mini dalili ba, kuma ina kewarsa. Wannan na ƙarshen ban san yana raina ba sai da na ji shi a bakina.

Da nas ta leƙo ta ce an gama lafiya, a zo a kama shi, 'yar ta miƙe da sauri ta ce, "Mama, taso mu je."

Na miƙa mata hular da takalman. Na ce ta yi gaba ina zuwa, ban gama ba tukuna.