Kujerar Shugaba na Huɗu

Tun da aka gina wa shugabannin ƙasa sabon gida a bayan gari, tsohon gidan ya koma gidan tarihi, kuma 'yan makaranta ne suka fi kowa zuwa. Jagora ne ke zagayawa da su. Yakan nuna musu teburin cin abinci da shugaba na biyu ya sa aka rage wa ƙafafu saboda shi gajere ne, da ƙofar kicin da 'ya'yan shugabanni ke sulalewa ta nan idan baƙi sun cika falo. Yara su yi ta dariya. Amma darasin da yake ji da shi a ɗakin aiki yake.

A ɗakin akwai tebur da alƙalami da kujera irin ta shugaba. Nan yake ba su labarin direban jirgin ƙasa. A zamanin shugaba na huɗu gada ta karye da jirgi cike da sojoji. Kotu ta ce sayen direban aka yi ya ƙara gudu da gangan, ta yanke masa hukuncin kisa, shugaba ya sa hannu, aka kashe shi. Bayan shekaru bincike ya nuna tsatsa ce ta cinye ƙarfen gadar. Idan jagora ya gama labarin sai ya zaunar da yaro guda a kujerar, ya ajiye masa takarda, ya ce ko ya sa hannu ko ya yi afuwa. Ba a taɓa samun wanda ya sa hannu ba. Jagora kan koma gida yana jin ya shuka abin kirki.

Autar shugaba na huɗu tana raye, ta tsufa, kuma tana cikin kwamitin da ke kula da gidan. Wata rana ta sa aka kira mata jagoran. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta ji yadda yake yi, yana ba yara amsa sannan ya yi musu tambaya, kuma bayan an gama yaƙi kowa jarumi ne a baki.

"Wannan ba darasi ba ne, Malam, jifan mamaci ne. Ka gaya musu iya abin da Baba ya sani a ranar. In yaro ya yi afuwa, na yi shiru har abada. In ya sa hannu, zan sa kwamiti ya soke darasin."

Ya ce, "Na yarda, ranki ya daɗe." Barazanar ba ta dame shi kamar yadda rashin samun kuskure a maganarta ya dame shi ba.

Ajin da ya zo ranar gwajin 'yan farkon sakandare ne. Auta ta zauna gefen taga, sandarta a kan cinya. Da aka nemi mai hawa kujera, ajin gaba ɗaya ya nuna wata yarinya mai tabarau da suke kira Lauya, wai gara ta yi mulkin su huta da gardamarta. Jagora ya raba wa sauran matsayi. Wanda ya zama ministan tsaro ya turo cikin da ba shi da shi, ya ce sojoji sun fusata, in ba a hukunta direban ba babu wanda zai kwana lafiya a gidan nan. Wadda ta zama uwar sojan da ya mutu ta fara da wasa, ta ƙare muryarta na rawa.

Lauya ta tambaya ko an duba gadar. Jagora ya ce kotu ta ce gada lafiyarta ƙalau. Ta nemi a kawo mata direban ta ji daga bakinsa, ya ce yana kurkuku mai nisa. Ta ce to a ba ta zuwa gobe. Malamarsu ta duba agogo, a waje kuma direban motar makaranta ya danna hon. Jagora ya ce yanzu ake bukatar hukunci.

Lauya ta jawo takardar gabanta. Sannan ta sa hannu a tsanake, da irin lanƙwasar da yara kan koya wa kansu a bayan littafi.

Malamar ta matso ta raɗa wa jagora cewa a bar zancen haka, yarinyar mai sa abu a rai ce. Ya auna maganar. In ya yi shiru, ya bar aji guda da ƙarya. In ya faɗa, ya ɗora wa 'yar mutane gawar da ba ita ta kashe ba, don kawai manya biyu sun yi caca. Sai ya faɗa, gada da tsatsa da komai.

Lauya ta cire tabaranta ta goge da gefen riga.

"Kawu, ai na ce a duba gadar."

"Kin ce."

"Na ce a ba ni zuwa gobe, ka hana. Shi ma shugaban mota ce ke jiransa?"

Wasu suka yi dariya, suka ga ba wurinta ba ne, suka haɗiye. Babu littafin tarihin da ya faɗi wannan. Daga gefen taga Auta ta amsa. Ta ce babu abin da ke jiran mahaifinta. Takardar ta yi damina guda a kan teburin nan, har ita kanta takan ɗora kofinta a kai idan tana aikin makaranta a kusurwa. Wata safiya ya sa hannu kafin mai aski ya iso, ya kuma ci abincinsa sosai.

"Ban taɓa jin ya tambayi gadar ba, jikata. Watakila ya tambaya ban ji ba. Yarinya ce ni lokacin."

Aka fita da yaran a layi. Lauya ce ta ƙarshe, ba ta kuma yi wa kowa sallama ba.

Auta ta miƙe da ƙyar. Ta ce bisa sharaɗi ita ta ci, tunda yarinyar ta sa hannu. Jagora ya ce haka ne. Ta tsaya tana duban teburin, sannan ta ce ba za ta kai maganar kwamiti ba, ya ci gaba, amma yadda aka yi yau, kuma ya riƙa haɗawa da abin da ta faɗa.

Darasinsa ya tsira ke nan, sai dai daga yau kowane aji zai bar yaro guda ya fita da irin fuskar da Lauya ta fita da ita. Bai gama wannan tunani ba wani ajin ya shigo da hayaniya. Ya ba su labarin har zuwa hukuncin kotu, ya tsaya, ya tambayi wa zai hau kujera. Hannuwa suka tashi ko'ina, ana "ni, Kawu, ni." Ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai iya ɗaukar wannan nauyi. Fuska ba ta nuna wannan. Ya miƙa wa na kusa da shi alƙalamin.