Kalangun Baba Bukari

"Ki ce wa Mas'udu kalangun ba shi da nauyi," in ji Baba Bukari, yana ture kwanon kunun da na miƙa masa. "Ko ƙarƙashin kujerar jirgi sai ya shige."

"Na faɗa masa, Baba. Sha kunun tukuna."

"Me ya ce?"

"Ya ce in sha Allahu."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya daɗe a Masar, ya san in sha Allahun da ba ta da ƙafa.

Ƙofarsa na kallon tamu a wani tsohon bene a Abbasiya. Ni na biyo mijina Lawali da ke karatun addini, shi kuwa Baba Bukari ya zo tun da ƙuruciyarsa cikin makaɗan da aka kawo wasa daga Nijar. Kowa ya koma, shi ya maƙale. Abin da ke cinsa shi ne kalangun da ya taho da shi. Na gidansu ne, a wani gari cikin ƙasar Tasawa, kuma da shi ake buɗe bikin kalankuwa duk kaka tun kakanninsu. Ya aro shi na wata guda, ga shi har furfura ta rufe shi.

A mashayar wani Bagirke, Hawaja Yanni, yake kaɗa shi, can bayan layin tarago. Masarawa su sha giyarsu da ɗan farantin jiƙaƙƙen waken da suke kira tirmis, shi yana yi musu taken manoman da ba su taɓa jin sunansu ba. Shi ya sa ɗalibanmu ke gaishe shi daga nesa. Duk mai komawa gida sai ya roƙe shi ya tafi da kalangun, kowa kuma da uzurinsa. Wa zai sauka garinsu da rawanin malanta, ga kalangu a hammata?

Mas'udu ne na ƙarshe, abokin mijina, wanda zai tashi bayan Mauludi. Na tsare shi a matakala.

"Haba Zeinabu, abin da ya kwana cikin kwalabe?"

"Kwalaben ne za ka ɗauka? Mutum na mutuwa, Malam Mas'udu."

Ya sosa gemu. "Khalas, shi ke nan. A naɗe shi cikin zane, kada kowa ya gani."

Na kai wa Baba labari da gudu. Ya kama hannuna, tafinsa ya yi sanyi.

"Yana rataye a wurin Yanni," ya ce. "In an kai, a ba ɗan ƙanena Sada. A ce masa ban sayar ba."

Washegari da hantsi ya cika. Na yi kuka sosai, don tun da na zo ƙasar nan shi kaɗai ke ce mini 'yata. Waɗanda suka ɗauki makararsa ba su da yawa, rabinsu ma mutanen mashaya ne, sun tsaya a baya suna jin nauyin ɗalibai.

Sai maganar ɗauko kalangu. Lawali ya ce ƙafarsa ba za ta taka wurin ba. Mas'udu ya ce shi ɗauka ya yi alkawari, ba ɗaukowa ba. Aka yi ta jan magana har ranar Mauludi, ni kuwa na ga abin zai zama sakiyar da ba ruwa. Na yafa mayafina bayan azahar na fita.

Titi ya cika da tutoci da rumfunan 'yartsanar alewa. Mashayar a rufe take, don ba a sayar da giya a irin wannan rana, amma ƙofar gefe na buɗe. Na tarar da su zaune da kofunan shayi, an jingina kujera guda a jikin tebur, ba wanda ya zauna a kai. Haka suke yi wa nasu idan ya rasu. Ɗakin na warin ƙonanniyar fata.

Hawaja Yanni ya miƙe. Tsoho ne, idonsa ya yi ja.

"Ke ce 'yar Bukari? Ma'alish, ya binti. Ma'alish." Wato, yi haƙuri 'yata.

Wani direba mai suna Usta Hamdi ya yi mini bayani, yana kallon ƙasa. So suka yi su kaɗa masa na bankwana. Da suka sauko da kalangun sai suka ji fatar ta saki. Su kuwa tabla suka sani, wadda ake gasa fatarta a wuta har ta ɗaure. Ba wanda ya san cewa kalangu da tsarkiya ake matse shi a hammata. Sai suka kara shi a kaskon garwashin shisha suna jira ya yi zafi. Tsarkiyoyin suka tsintsinke, fatar ta fashe, icen da ya girmi kowa a ɗakin ya dare gida biyu.

"Wallahi don ƙauna muka yi," in ji shi.

Na san gaskiya ya faɗa. Shi ya sa na rasa wanda zan zaga, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Na naɗo ɓarin biyu cikin mayafi na kawo gida. Mas'udu ya duba, na ga har da sauƙi a fuskarsa.

"Wannan ai itace ne, Zeinabu. In kai wa mutane itace in ce me?"

"Ka ce bai sayar ba."

"Wa zai yarda?"

Ya tashi ranar Asabar da littattafansa. Ban san wani mai zuwa Tasawa ba, adireshin Sada kuma Baba ya tafi da shi.

Icen yana ƙarƙashin gadona. Da na kakkaɓe mayafin, 'yan tsakuwoyin da ake zubawa cikin kalangu suka zubo a tabarma, jajaye, sun yi sulɓi. Duwatsun Masar ba haka suke ba. Na tsince su na zuba a kwanon da nake kai masa kunu, na ajiye a bakin taga. Idan tarago ya wuce, sukan ɗan yi motsi.