Dangin Haggai a Gonar Babana

A daminar 2004 Haggai ya nemi aurena, babana ya dube shi sama da ƙasa ya ce ya kawo 'yan'uwansa su nome masa gonar dawa ta Dabai. Haka al'adarmu take, mai neman aure yakan yi wa surukinsa noma tare da mutanensa.

To, Haggai wa gare shi? A barikin soja a Legas ya tashi, iyayensa sun rasu, koyarwa ce ta kawo shi Zuru. Hannunsa alli kawai ya sani. Na yi kuka a ɗaki, don na san babana ba ciyawa ce ta dame shi ba, so yake ya ga masu riƙe ni ran da wuya ta zo.

Ranar Asabar Haggai ya iso shi kaɗai da aron fartanya. Kafin rana ta ɗaga ya sassare kunya biyu na dawa, ya bar ciyawa tsaye lafiya lau. Babana ya zauna gindin ɗorawa yana kallo.

Sai muka ji waƙa daga hanya. Mama Leah ce, shugabar Zumuntar Mata ta majami'armu, da tukunyar kunu a kai, bayanta dattawan ikkilisiya da mawaƙan majami'a, kowa da fartanya. Ashe ranar Lahadi ta ji yana roƙon mai gadin majami'a aron fartanya, ta bi gida gida.

Babana ya miƙe. "Leah, dangi na ce. Mi ya haɗa ku da wanga yaro?"

"Japhet, da ya zo garin nan, a rafin nan aka yi mai baftisma, ni na riƙe tawul. Tun rannan ɗana ne. In ɗiyarka ta yi kuka, ƙofata za ta buga."

Kafin la'asar sun gama gonar. Haggai kuwa rabon kunu suka ba shi, don a ceci sauran dawar.

Da za su tafi babana ya kira ni. "Saloma, mijinki ba manomi ba ne, amma yana da mutane."

Mama Leah ta rasu tuntuni, ina kewarta har yau. Sau biyu na buga ƙofar nan da kuka, duk ta buɗe.