Sa Hannun Uba

Shekara tara ke nan Antin Taga tana zaune a bayan tagar ofishin karɓar ɗalibai na babbar jami'ar gwamnati, irin wadda mutum dubu ke nema a ɗauki ɗari. Ɗalibai ne suka laƙa mata sunan, ya bi ta. Aikinta ta karɓi fayil, ta duba, ta buga lamba. Wanda takardunsa suka cika ya shiga kwandon dama. Wanda aka samu gyara a nasa ya faɗa na hagu, sai ta kira mai shi a waya kafin a rufe karɓa. Ba doka ce ta ce a kira ba, tausayin ma'aikatan ofishin ne kawai. Wanda aka manta da shi kuwa sai dai ya tari baɗi.

Ranar Litinin wani fayil ya zo hannunta. Yarinya ce mai neman karatun likita, makinta ko maƙiyi ya gani sai ya jinjina. Amma a ƙasan takardar shaidar makaranta akwai sa hannun da ko daga barci aka tashi Antin Taga za ta gane shi, mai doguwar wutsiya kamar ta ƙadangare. Malam Hatimi ne. Ta duba sunan mahaifin yarinyar, ta ga shi ɗin ne dai.

Malam Hatimi mataimakin shugaba ne a sakandaren da Antin Taga ma ta gama. A aljihu yake yawo da hatimin makaranta, ko shugaban ma sai ya roƙa. A shekararsu ita ce ta ɗaya a ajin kimiyya, ita ma likitancin take so. Mako uku tana zarya ofishinsa don ya sa mata hannu, kullum sai ya ce ta dawo gobe. Ranar ƙarshe ya dube ta sama da ƙasa ya ce, “Ke, waccan jami'a ba ta 'ya'yan masu facin taya ba ce.” Aka rufe karɓa takardarta na cikin durowarsa. Kafin shekara ta zagayo mahaifinta ya kwanta ciwo, ta tafi koyon buga takardu don gida ya ci abinci. Ba ta yafe ba, kuma ba ta taɓa cewa ta yafe ba.

To, ga shi yau son hatimi ya kai shi ya baro. Ƙa'idar jami'a ita ce ɗan uwa na jini ba ya sa hannu a shaidar ɗalibi, sai shugaban makaranta. Shi kuwa ina zai yarda wani ya buga wa 'yarsa hatimi yana raye? Ta jefa fayil ɗin kwandon hagu, can ƙasa. Ƙarfe huɗu na yammacin Alhamis za a rufe.

Ranar Talata ta kira kowa ban da su. Laraba ma haka. Ta yi niyyar yin shiru har lokaci ya wuce, amma da ta yi tunani sai ta ga idan ta yi hakan zai ɗora laifin a kan jami'a, ba zai taɓa sanin daga inda dukan ya fito ba. Ita kuwa so take ya sani. Da safiyar Alhamis ta ɗaga waya.

Sha ɗaya da rabi suka iso. Ya tsufa, wuya ya zama siriri, amma alƙaluma uku na nan jere a aljihun gaba. 'Yar tana biye da shi rungume da jaka.

“Hajiya, barka da aiki. An ce akwai ɗan gyara a takardun yarinyata.”

“Akwai. Ku zauna a benci, Malam.”

Daga nan zuwa makarantarsu tafiyar awa guda ce, dawowa awa guda, ta kuma sani sarai. Ta bi layi tana sallamar mutane ɗaya bayan ɗaya, ta sha ruwa, ta gyara zaman takardun da ba su karkace ba. Sau biyu ya taso yana murmushin roƙo, sau biyu ta nuna masa benci da bakin biro. Sai ƙarfe ɗaya ta yafito su.

Ta bayyana musu kuskuren, ta ɗaga takardar gyara wadda shugaban makaranta zai sa wa hannu, amma ba ta miƙa ba.

“Malam, ba ka gane ni ba?”

Ya ƙura mata ido, ya girgiza kai. “Ɗalibai da yawa sun bi ta hannuna, 'yata.”

Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Shekara goma sha huɗu tana ɗauke da mutumin nan a ƙirji, shi ko fuskarta bai riƙe ba.

“Ni ce 'yar mai facin taya na bakin tasha. Ta ɗaya a ajin kimiyya. Ka tuna?”

Ya ɗan ja da baya daga tagar. Ya tuna.

“Don Allah, Hajiya, abin da ya wuce...”

“Ni ba roƙo nake so ba. Juya ka gaya wa 'yarka abin da ka yi da takardata. Da bakinka. Idan ka gama ga takardar gyara.”

Mutanen layi suka juyo suna kallonsa. Ya kalli agogon bango, ya kalli yarinyar.

“Baba, me take nufi?”

Ya fara kame-kame, wai aiki ne ya yi masa yawa a lokacin. Antin Taga ta mayar da takardar cikin durowa ta tura ta rufe. Nan ya sauke murya ya faɗa. Ya ce ya riƙe takardar da gangan. Ta ce ya faɗi dalili. Ya faɗi dalilin, kalma bayan kalma, gumi na bin wuyan rigarsa.

Ta fiddo takardar. Ya miƙo hannu, amma yarinyar ta riga shi karɓa.

“Zauna, Baba. Ni zan je.”

Ta fita da gudu, shi kuma ya koma benci. Awa biyu da rabi yana nan, ba wanda ya ce masa sannu. Antin Taga tana aiki tana satar kallonsa, daɗi na ratsa ta, ba ta kuma ji kunyar daɗin ba. Sai dai da agogo ya wuce uku da rabi ita ma ta fara leƙen ƙofa cikin damuwa, don yarinyar ba ta yi mata komai ba.

Huɗu saura minti takwas yarinyar ta shigo tana haki, takalmi ɗaya a hannu. Antin Taga ta duba sa hannun shugaban, ta buga lamba, ta ajiye fayil ɗin a kwandon dama.

“Ya shiga. Da makin nan naki, ki sa rai.”

“Na gode, Anti.” Ta ɗan tsaya, idonta ya cika. “Ki yi haƙuri.”

“Ba ke kika yi ba. Je ki.”

Malam Hatimi ya miƙe da ƙyar, ya kai hannu zai karɓar mata jaka. Yarinyar ta mayar da jakar ɗaya kafaɗar, ta wuce shi ta fita. Ya bi bayanta yana kiranta a hankali, ba ta waiwayo ba.