Abin da Na Cire a Bakin Zaure

A daren jiya mafarki ya kai ni wani gari inda ruwan sama ke tsattsafowa daga ƙasa yana hawa, inuwa ce ke gaba mai ita yana bin ta.

An kira taro a zauren mai unguwa kan rijiyar garin, wadda kwata ke tsiyaya a cikinta. Na zo da magana cike da baki. A ƙofa wani bunsuru mai tabarau ya tare ni.

"Samari, ba a shiga da shi."

"Da me?"

"Da ni ɗinka. Abin nan na cikin ƙirji mai cewa na yarda ko ban yarda ba. Cire ka ajiye, ladabi ne."

Na duba, ga na mutane nan zube kamar takalma ranar Juma'a. Na sa hannu a ƙirji na zaro nawa da ɗuminsa, na jingine shi a gefe.

A ciki mai unguwa ya ce ai kwata ma ruwa ce. Muka ce haka ne. Muryata ta fi ta kowa tashi. Aka shafa fatiha.

Da muka fito, kowa ya zura wanda hannunsa ya fara kaiwa. Nawa babu. Guda ya rage, tsoho, ya sha jiki har ya yi laushi. Na sa shi. Nan take hankalina ya kwanta. Na je na sha ruwan rijiyar, na ce ba laifi.

Sai ga ni a kasuwa. Baba Jatau mai kayan miya yana tsaye a kan teburinsa, yana tuhumar tumatir.

"Ɗana, naka ne wannan? Matse ni yake yi. Tun ɗazu duk abin da na gani sai na ce don me. Zo ka karɓi abinka."

"Riƙe tukuna, Baba. Naka ya fi daɗin sawa."

"Ai ba nawa ba ne. Ni ma a bakin zaure na tsince shi, tun ina saurayi."

Wata makara ta zo wucewa da ƙafafunta. Mamacin ya ɗago kai.

"Jama'a, na wa ke ƙirjina? In an tambaye ni a kabari, wa zai amsa?"

Ashe bunsurun nan yana gefe yana tauna ɓawon rake, bai ko dube shi ba. "A can ba a karɓar na aro. Wanda aka ba ka shi za a nema."

"To nawa fa?"

"Wani ya tafi fatauci da shi."

Mamacin ya koma ya kwanta, makara ta wuce.

Na juya in karɓi nawa, ashe an kira wani taron, Baba Jatau ya jefa shi cikin tsibin da ke bakin zaure ya shige. Na durƙusa ina tono. Duk wanda na ɗaga sai ya ce haka ne. Can ƙasa na ji wata siririyar murya tana cewa ban yarda ba. Na miƙa hannu.

Ƙarar guga ce ta tashe ni. Maƙwabciyata ce ke jan ruwa a rijiyar unguwarmu, kwata na bi ta gindinta kamar kullum.

Yau bayan la'asar akwai taro kan rijiyar a zauren mai unguwarmu. Kai da ka zauna kusa da ni wancan karon, ka sunkuyar da kai ka ce haka ne, takalmi kaɗai za ka cire a ƙofa. Shigo da sauran, ka buɗe baki.