Kunamar Bindigar Baba Hambali

"Riƙe nan, Talatu. Babu komai a cikinta, na zazzage ta tun safe."

Duk da haka sai da na goge tafin hannuna a zani kafin na kama bindigar. Innata ce ta aike ni in kai wa Baba Hambali kunu, don katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa a Gwaram. Na tarar da shi a ƙofar ɗaki kan buzu, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Shekarar da motoci suka koma hannun dama ce, damina ta kusa ƙarewa.

Ya ɗana bindigar, bai taɓa kunamar ba, ya bugi ƙotar da tafin hannu kawai. Ƙas! Na zabura har littafin da ke hammatata ya faɗi.

"Kin gani? Da da albarushi a ciki, da ta tashi."

Daga madafi matarsa, Inna Batulu, ta ce, "Gaya mata yadda ta kashe mini akuya mana! Jingine take da rumbu, iska ta kayar da ita."

Ban san ko zan iya bayyana wannan daidai ba, amma ga yadda ya gaya mini. Yana saurayi gadu ya tsarge masa hannu a dajin Basirka, yatsan da yake harbi da shi ya sandare. Sai ya riƙa goge kunamar da magagari don ta yi masa laushi. Duk shekarar da ƙarfinsa ya ragu sai ya ƙara gogewa, har ta kai shi kaɗai ya san yadda ake ɗaukarta.

"Buba na nan tafe da iyalinsa," ya ce. Buba ɗansa ne, yana aikin titi wajen Birnin Kudu. "Shi zai gaje ta. Hannunsa kuwa irin na mai faskare ne, 'ya'yansa kuma komai sai sun taɓa."

"A jefa ta masai a huta," in ji Inna Batulu.

"Birai fa, in sun sauko daga dutse? Da muciya za ki kore su daga dawa?"

Ranar kasuwa Maikuɗi, maƙerin garin Sara, ya zo. Tare suka tashi da Baba Hambali, kuma shi ya ƙera bindigar. Ya kwance ta, ya ɗaga kunamar sama yana dubawa.

"La'ilaha! Hambali, wannan ai ka mayar da ita farcen jariri. Da magagarina kuma, wanda ka ara ba ka mayar ba!"

"Gyara za ka yi ko wa'azi?"

"Ba ta gyaruwa, ƙarfen ya ƙare. Sabuwa zan ƙera. Sai kasuwa ta zagayo."

"Ka yi ta da tauri. Kuma ka yi sauri, ban ga alamar zan kai wata kasuwar ba."

"Kai da gadu ya ɗanɗana ya tofar? Rufe mana baki."

Maikuɗi ya yi dariya, amma da ya naɗe bindigar a buhu na ga ya daɗe yana ɗaure igiyar.

Bayan nan Baba Hambali ya daina fitowa ƙofar ɗaki. Kunun da nake kaiwa yakan kwana a kwano. Wani lokaci yakan ce in karanta masa littafina, in fara, sai in ga ba ni yake sauraro ba. Kunnensa na zaure. Duk sallamar da aka yi sai ya ce, "Maikuɗi ne?"

Buba ya iso da matarsa da yara. Washegari ya dawo daga gona ransa a ɓace.

"Baba, birai sun gama da gefen dutse. Bari in je Sara in karɓo bindigar yadda take. Ai ni ba yaro ba ne."

"Ba za ka taɓa ta ba."

"Dawar fa?"

"Su cinye. Na ce ba za ka taɓa ta ba."

Tari ya sarƙe shi. Buba ya tallafe shi.

Maikuɗi bai jira kasuwa ba. Da hantsi na ji ƙararrawar kekensa, na bi bayansa ko takalmi ban sa ba. Ya durƙusa gaban gadon Baba Hambali, ya ɗana bindigar ba komai a ciki, ya doka ƙotarta da ƙasa. Shiru. Ya sake dokawa da ƙarfi. Shiru.

"Miƙo," in ji Baba Hambali.

Buba ya ɗaga shi zaune, aka ɗora masa ita a cinya. Ya sa yatsan nan nasa ya ja. Jijiyoyin hannunsa suka tashi, gumi ya tsattsafo masa a goshi, kunamar ko motsi ba ta yi ba. Maikuɗi ya juyar da kai wajen bango.

"Talatu, zo ki gwada."

Na ce, "Ni, Baba?" Na sa yatsa biyu, na ja har suka yi zafi. Ba ta tashi ba.

"Buba."

Buba ya karɓa, ya juya bakinta ƙasa, ya ja. Sai da ya cije leɓe. Ƙas!

"To," in ji Baba Hambali. Ya saki numfashi. "Alhamdu lillahi. Kwantar da ni."

"Magagarina fa?" Maikuɗi ya tambaya.

"Yana ƙarƙashin buzu. Ɗauki abinka, kada wani ya gani."

Washegari bayan azahar muka ji salatin Inna Batulu ta kan katanga. Innata ta ajiye tsintsiya ta jawo mayafi.

Bayan sadakar bakwai na shiga ɗauko kwanonmu. Buba ya kafa sabon turke can sama kusa da rufi, ya rataye bindigar. Tsohon turken yana nan ƙasa, daidai inda mutum zai miƙa hannu daga kan gado, ya yi santsi saboda taɓawa. Inna Batulu ta rataye hularsa a kai.